Geoffrey Harris: likitan da ya bi sawun jini daga ƙwaƙwalwa har nonon uwa

Ƙanwata ta shekara huɗu a ɗakin miji nan Briqueterie, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ana shiga ta biyar sai al'adarta ta ɗauke. Ba a jima ba ruwan nono ya soma tsattsafo mata, har yana ɓata riga. Gida ya kaure da murna, gwaggonmu har ta fara lissafin kayan jaririn da za ta sayo a kasuwar Mokolo. Aka je awo, aka gwada fitsari, aka yi ekografi: babu ciki, babu alamarsa. Daga nan zance ya sauya. Wasu suka ce ai cikin ne ya kwanta, a yi haƙuri zai tashi. Wasu suka ce aljani ya shanye shi. Dangin miji kuwa suka fara maganar ƙarin aure a gaban idonta.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na fi shekara goma a ɗakin haihuwa, amma abin da nake jin kunyarsa har yau shi ne sai da muka kusa cinye shekara muna yawon neman magani kafin wani likitan mata ya rubuta gwajin da ya kamata in tuna da shi tun ranar farko. Aka ɗebi jininta a Centre Pasteur, aka auna furolaktin, sinadarin da ke sa nono ya kawo ruwa, sai ga shi ya ninka na ƙa'ida sau da yawa. Hoton IRM ya nuna wani ɗan ƙari da bai kai santimita ɗaya ba a gindin ƙwaƙwalwarta. Ba a yi mata aiki ba. Ƙwaya aka ba ta, rabi-rabi, sau biyu a mako, likitan ya ce aikin ƙwayar shi ne kwaikwayon dofamin.

Nan fa kaina ya ɗaure. Dofamin ɗin da na sani biyu ne: wanda muke sawa a ledar ƙarin ruwa idan jinin maras lafiya ya faɗi, da wanda samari ke ta yayatawa a Facebook wai shi ne sinadarin jin daɗi. Me ya haɗa shi da nono da haila? Da na shiga tonon amsar, duk hanyar da na bi sai ta kai ni ga sunan wani Bature ɗan Ingila da ya rasu tun 1971. Ba shi ya gano aikin dofamin a wannan wuri ba, gara in faɗa tun yanzu. Shi dai ya tabbatar da hanyar da dofamin ɗin ke bi, kuma a kan wannan hanyar ya ƙarar da rayuwarsa.

An haifi Geoffrey Wingfield Harris ranar 4 ga Yuni 1913 a Acton, yammacin Landan. Mahaifinsa masanin fizik ne, kuma ni dai a ganina gadon nan ya fito a aikinsa, don da waya da lantarki ya fara yin suna. Ya yi makarantar Dulwich, a 1932 ya shiga kwalejin Emmanuel ta Jami'ar Kambrij, daga baya ya ƙarasa karatun likita a asibitin St Mary's na Landan a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Sai dai tun yana ɗalibi wata tambaya ta riga ta kama shi, wadda ya gada daga wani dattijon malami na Kambrij, Francis Marshall, mutumin da ya daɗe yana nazarin yadda dabbobi ke hayayyafa.

Tambayar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa kiwo. Zabuwa ba ta yin ƙwai sai damina ta kama. A ƙasashen sanyi tumaki suna neman barbara ne idan yini ya fara gajarta. Zomanya kuwa ba ta sakin ƙwan haihuwa sai namiji ya hau ta, bayan kamar awa 10. Duk waɗannan labarai, haske ne, yanayi ne, taɓawa ce, ta ido da fata suke shiga, wato ƙwaƙwalwa ce ke karɓarsu. Amma umarnin sakin ƙwai ba daga ƙwaƙwalwa yake fitowa kai tsaye ba. Daga wata 'yar tsoka yake fitowa mai suna fituwitari, wadda a takardun asibitinmu na Faransanci za ka ga an rubuta hypophyse. Girmanta bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinta kamar rabin giram, tana zaune a wani ɗan gurbi na ƙashi a bayan hanci. A lokacin ana yi mata kallon sarauniyar duk sinadaran jiki, ita ke umartar maƙoshi da 'ya'yan maraina da mabuɗin ƙwan mace. Saman ta kuwa akwai wani yanki na ƙwaƙwalwa, haifotalamas, wanda bai fi ƙwallon dabino ba, su biyun kuma wani siririn wuya ne ya haɗa su. To ta yaya labari ke sauka daga sama zuwa ƙasa?

A nan Hausa ta ɗan yi mana rowa. Kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ko mai ɗaukar jini ce, ko mai ɗaukar saƙo kamar wayar lantarki. Gardamar rayuwar Harris kaf a tsakanin waɗannan jijiyoyi biyu take. Masana sun ɗauka jijiyar saƙo ce za ta yi aikin, kamar yadda take yi a hannu da ƙafa. Da aka duba, ɓangaren baya na fituwitari cike yake da jijiyoyin saƙo, amma ɓangaren gaba, wanda shi ne ke umartar haihuwa da nono, kusan babu ko ɗaya. Abin da ke wuyan kawai wasu ƙananan jijiyoyin jini ne. Wani ɗan Romaniya, Gregor Popa, da Una Fielding sun bayyana su a 1930, sai dai sun ɗauka jinin daga ƙasa yake hawa sama. A 1936 wasu Amurkawa biyu, Wislocki da King, suka ce a'a, sauka yake yi. Maganar ta tsaya a haka, kowa da nasa.

Harris ya buga aikinsa na farko mai nauyi a 1937: ya nuna idan aka tsikari yankin haifotalamas na zomanya da ƙaramar wutar lantarki, sai ta saki ƙwai ba tare da namiji ba. Amma akwai matsala, don dabbar tana cikin maganin barci, kuma maganin barci kansa yana rikita sinadaran jiki. Bayan ya koma Kambrij koyarwa a 1940 sai ya ɓullo da wata dabara da har yau take burge ni. Ya dasa ɗan ƙaramin naɗin waya ƙarƙashin fatar kan zomon, da siririyar allura da ta gangara daidai wurin da yake so. Bayan rauni ya warke, sai ya kewaye kejin da babban naɗin waya. In ya kunna wuta a babban, ƙaramin ya ɗauka daga nesa, zomo yana cin ganyensa bai san abin da ake ciki ba. Sakamakon ya fito fili: in allurar tana cikin haifotalamas, ƙwai ya sauka, in tana cikin ɓangaren gaba na fituwitari ita kanta, ko gezau. Abin da jijiyar saƙo ke juyawa, lantarki yana motsa shi. Wannan kuwa bai motsa ba. Ke nan da wani harshe ake yi mata magana.

Tare da abokin aikinsa John Green, a 1947 suka ɗura tawada a jijiyoyin jinin dabbobi iri-iri don hanyoyin su fito baƙi ƙirin a ƙarƙashin madubin likita, suka kuma faɗi ra'ayinsu ƙarara: ƙwayoyin jijiya na haifotalamas suna zuba wasu sinadarai a cikin wannan jini, jinin kuma ya gangara da su zuwa fituwitari. A 1949 suka buɗe ɓera mai rai, suka ga jinin da idonsu yana sauka ƙasa. Sai kuma ya gano abin da ya daɗe yana rikita sauran masu bincike. In an yanke wuyan nan, jijiyoyin jinin suna sake tsirowa su haɗe cikin ɗan lokaci, kamar yaɗon kabewa. Shi ya sa wani zai yanka ya ce dabba ta daina hayayyafa, wani ya yanka ya ce ba abin da ya same ta. Harris ya riƙa cusa 'yar takarda tsakanin bakin yankan biyu. Inda takarda ta tare hanya, dabbar ba ta komawa daidai. Inda jijiyoyi suka samu suka haɗe, sai ta koma.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne wanda ya yi da Dora Jacobsohn, aka buga a 1952. Ita Bayahudiya ce haifaffiyar Barlin, ta tsere wa mulkin Hitila ta zauna a Lund ta ƙasar Suwidin, kuma tana da hannun tiyata na ban mamaki a kan ƙananan dabbobi. Suka cire fituwitarin ɓeraye mata masu jego, suka ɗauko na jariransu suka dasa musu. Wasu an dasa musu daidai ƙarƙashin haifotalamas, inda jinin nan zai same su. Wasu an dasa musu a gefe, ƙarƙashin wani yankin ƙwaƙwalwa, inda akwai jini isasshe amma ba wancan jinin ba. Dashe ya kama a duka biyun. Amma na farkon ne kawai suka koma zagayen haihuwarsu, har wasu suka ɗauki ciki suka haihu. Ƙari a kan haka, ko da fituwitarin na jariri namiji ne, a jikin uwar aikin mace yake yi. Ashe sarauniyar ba sarauniya ba ce, jakadiya ce, abin da aka aiko ta shi take faɗa.

A shekarar nan dai, shi da ɗalibinsa Barry Cross suka nuna cewa saukar ruwan nono lokacin da jariri ke tsotso aikin ɓangaren baya ne, ta hanyar sinadarin oksitosin, wanda mu a ɗakin haihuwa kullum muna riƙe da allurarsa. Duk uwar da ta taɓa jin nono ya zubo mata don kawai ta ji kukan ɗanta a ɗaki ta san wannan a jikinta.

A 1952 ya koma Landan, Cibiyar Nazarin Taɓin Hankali da ke asibitin Maudsley. A 1953 aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar majalisar masana kimiyya ta Ingila, a 1955 kuma ya fitar da littafinsa kan yadda ƙwaƙwalwa ke juya fituwitari, wanda ya zama madogara ga duk masu wannan fanni. Kada mai karatu ya ɗauka kowa ya sallama masa. Babban abokin adawarsa shi ne Solly Zuckerman, haifaffen Afirka ta Kudu, farfesa a Bamingam, mutum mai faɗa a ji wanda daga baya ya zama babban mai ba gwamnatin Birtaniya shawara kan kimiyya. A 1953 Zuckerman da wani abokin aikinsa suka yanke wuyan fituwitari a wata dabba mai kama da tunku, wadda ƙarin haske ke sa ta neman barbara, suka ce biyu daga ciki sun nemi barbara alhali babu jijiyar jinin da ta rage. In hakan gaskiya ne, duk ginin Harris ya rushe. Shi da Bernard Donovan suka maimaita gwajin, suka buga a 1954, wannan karon da takarda mai kakin zuma a tsakani. Dabbobin da aka tare musu hanya da gaske, babu wadda ta motsa. Zuckerman bai sauka daga ra'ayinsa ba har bayan rasuwar Harris. Kuma in za a yi adalci, yana da hujja guda mai ƙarfi: kun ce akwai sinadari a cikin jinin, to ina yake? Ku nuna shi a kwalba.

Wannan shi ne abin da Harris bai samu ba. A 1962 ya zama farfesan ilimin sassan jiki a Jami'ar Oksfod, ya shiga farautar sinadarin da ke umartar sakin ƙwai. Amma aikin ya fi ƙarfin ƙaramin ɗakin bincike, don sinadaran kaɗan ne ƙwarai. A Amurka, Roger Guillemin, haifaffen Faransa, da Andrew Schally suna da kuɗi da ma'aikata, suna tattaro haifotalamas na dubban ɗaruruwan dabbobi daga mayanka, ɗaya na tumaki, ɗaya na aladu, don a tace abin da bai kai ƙwayar gishiri ba. Duk wanda ya taɓa fasa kan ragon layya ya ga ƙanƙantar wurin, sai ya kwatanta. A 1969 suka fito da na farko, mai umartar maƙoshi. A 1971 Schally ya bayyana na sakin ƙwai, wanda Harris ke nema. Bayan 'yan watanni, ranar 29 ga Nuwamba 1971, Harris ya rasu yana da shekara 58. A 1977 aka ba Guillemin da Schally kyautar Nobel. Ba a ba mamaci ita, don haka mutumin da ya ce sinadaran suna nan tun kafin kowa ya gan su bai shiga lissafi ba. Ni dai abin ya tsaya mini a rai, ko da yake na san tsere ne, kuma sun riga shi.

To ina dofamin a duk wannan? Yana cikin wani abu da ya ƙi bin ƙa'ida tun Harris yana raye. In an raba fituwitari da haifotalamas, duk sinadaranta suna yin ƙasa, ban da guda. A 1954 John Everett na Jami'ar Duke ta Amurka ya ɗauke fituwitarin ɓera ya dasa a jikin ƙoda, sai ya ga alamun furolaktin na ci gaba da kwarara babu tsayawa. Ma'ana, a sauran sinadarai ƙwaƙwalwa zuga take yi, a nan kuwa linzami take riƙewa. Ƙwayoyin da ke yin furolaktin kamar doki ne mai ƙarfin kai: ba ya buƙatar bulala, ka sake shi kawai. Aka yi shekaru ana neman linzamin nan, ana zaton irin sauran ne. Ashe wani ɗan sinadari ne da aka riga aka haɗa a ɗakin gwaji a Landan tun 1910, shekara 3 kafin haihuwar Harris. Kathleen Montagu ta gano dofamin a ƙwaƙwalwa a 1957. A 1964 Kjell Fuxe na Suwidin ya nuna wasu ƙwayoyin jijiya a gindin haifotalamas waɗanda bakinsu ya ƙare daidai kan jijiyoyin jinin Harris, daga baya kuma aka tabbatar dofamin suke zubawa. A 1974 Robert MacLeod na Jami'ar Bajiniya ya nuna dofamin shi da kansa ke hana ƙwayoyin fituwitari sakin furolaktin, a 1977 kuma Nira Ben-Jonathan da abokan aikinta suka auna shi a cikin wannan jinin mai gangarowa. Shekara 6 ke nan bayan an binne mai hanyar.

Yadda linzamin ke kamawa shi ne ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane. Dofamin ba ya shiga cikin ƙwaya. A bakin ƙofa yake tsayawa, inda akwai wani abu a jikin fatar ƙwayar da ke tarbarsa, mu kira shi makarɓi. A 1979 John Kebabian da Donald Calne suka raba makarɓan gida biyu, D1 da D2. Yau an san iri 5 ne, amma gidajen dai biyu ne. Gidan D1 yawanci zaburar da ƙwaya yake yi, gidan D2 kuwa kwantar da ita. Wato saƙo ɗaya ne, amma abin da zai haifar ya danganta da wanda ya tarbe shi. Kowace ƙwayar jijiya, da kowace ƙwaya mai yin furolaktin, tamkar ƙaramin batir ce: cajin cikinta daban da na wajenta, in na ciki ya hau ya kai wani mizani sai ta harba, ƙofofin kalsiyom su buɗe, kalsiyom ya shiga, shi kuma ya tura abin da ta tara waje. Idan dofamin ya zauna kan D2, sai ƙofofin fotasiyom su buɗe, fotasiyom ya fita, cajin ciki ya yi ƙasa, ya yi nisa da mizanin. Kalsiyom ya rasa hanya, furolaktin ya zauna a ciki. In abin ya ɗore, ƙwayar ma rage ƙera sabon furolaktin take yi, ta kuma rage hayayyafa. Shi ya sa maganin ƙanwata bai tsaya ga tsayar da ruwan nono ba, har ƙarin ya motse.

A can sama cikin haifotalamas ma akwai wani tsari da ya fi wannan ban sha'awa. Su kansu ƙwayoyin jijiyar da ke zuba dofamin suna da D2 a jikinsu, wato suna sauraren kansu, kamar mai shela da lasifika wanda ke jin amon muryarsa, in ta yi yawa ya sassauta. Christian Broberger da ɗalibansa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2010 cewa a ɓera waɗannan ƙwayoyi ba harbi barkatai suke yi ba: tare suke tashi, tare suke lafawa, kusan duk bayan daƙiƙa 20, kamar mata masu luguden daka. A 2016 suka nuna makarɓin D2 na jikinsu ne ke daidaita saurin luguden. In dofamin ya taru a kewaye, sai su rage sauri. In an toshe makarɓin da magani, kiɗan ya rikice. A ɓera aka gani, ba a mutum ba, a riƙe wannan. Shi ma furolaktin in ya yi yawa a jini yana komawa sama ya zaburar da waɗannan ƙwayoyi su ƙara jan linzami. Doki ne da ke tuna wa mahayinsa ya riƙe shi.

Mai jego kuwa sassauta mata ake yi da gangan. Jariri yana kama nono, saƙo ya bi jijiyoyin saƙo ta laka ya hau haifotalamas, dofamin ya ragu, cikin mintuna furolaktin ya hau, a fara haɗa nonon da za a sha nan gaba. Ina ba masu jego kunun kanwa haƙƙinsa, uwa tana buƙatar ci da sha, amma abin da ke kawo nono da gaske shi ne yawan sa yaro a nono, har da dare. Furolaktin mai yawa kuma yana danne sinadarin nan na sakin ƙwai, wanda Harris ya rasu yana nema, shi ya sa haila ke ɗaukewa lokacin goyo. Iyayenmu sun san da haka tun da daɗewa. Amma kariyar tana da sharaɗi uku: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma haila ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, ƙofar kwanika a buɗe take, kuma na ga da yawa a layinmu da suka dogara da goyo kawai har yaro ya shekara.

Abin da ya sami ƙanwata shi ne jikinta ya shiga halin mai jego alhali ba jariri. Ƙwayoyin furolaktin sun taru sun yi ƙari, sun fi ƙarfin linzamin da ke saukowa. Kuma ba ƙari kaɗai ke jawo haka ba. Duk maganin da ke toshe D2 zai iya: metokulofiramid, maganin amai da muka fi sani da Primpéran, wanda ake saya a teburin bakin titi kamar alewa alhali hukumar magunguna ta Turai tun 2013 ta ce kada shan sa ya wuce kwana 5, domferidon, da magungunan taɓin hankali irin su Haldol da Largactil da risferidon. Wanda likitansa a Jamot ko wani wuri ya ɗora shi a kan waɗannan, don Allah kada ya yar da su saboda ya karanta wannan, ya koma ya faɗa wa likitan abin da ya gani, akwai canji. Raunin maƙoshi ma yana ɗaga furolaktin, shi ya sa ake haɗa gwajin biyu. Maza ba su tsira ba. Su sha'awa ce ke mutuwa, haihuwa ta tsaya, kuma da yake namiji ba ya saurin faɗar irin wannan, sau da yawa sai ƙarin ya girma ya danne jijiyar gani, mutum ya daina hango gefe da gefe, sannan a zo asibiti. Haka nan magungunan da ke kwaikwayon dofamin, buromokiriftin da kabagolin, ba na saye da ka ba ne. Wasu na neman na farkon don busar da nono lokacin yaye ko bayan an rasa jariri, ga shi kuwa yana da haɗari ga mai hawan jini, musamman a ɗanyen jego.

Ban hana kowa addu'a ba, mu ma mun yi, muna kuma yi. Abin da nake cewa kawai, macen da hailarta ta ɗauke wata uku, gwaji ya ce ba ciki, balle in nono na ɗiga, a auna mata furolaktin kafin a yanke mata hukunci a tsakar gida.

Ƙanwata ta yi wata biyu tana shan maganin hailarta ta dawo, ruwan nonon ya ƙafe. Bayan kamar shekara ta zo mini da dare da takardar gwaji a hannu, ta kasa magana. Likita ya tsayar da ƙwayar da cikin ya tabbata, ya riƙa tambayarta ciwon kai da gani a kowane awo. Ta haifi 'ya mace, ta shayar da ita, kuma sai da aka yaye yarinyar aka sake ɗibar jininta don a ga inda furolaktin ya tsaya. Gwaggonmu dai har yanzu ta fi yarda cewa tsohon cikin ne ya tashi.